An ba Saudiyya Kofin Duniya na 2034, to wa zai ɗauki simintin?

Mai Gidan Kallo:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya Laraba 11 ga Disamban 2024 FIFA ta tabbatar, Saudiyya ce za ta karɓi Kofin Duniya na 2034, na 2030 kuma Maroko da Sifen da Fotugal. Daren jiya a gidan kallona nan Birnin Kebbi an tashi wasa amma mutane suka ƙi tafiya, gardama ta kaure har sai da na kashe janareta sannan aka watse. Ni dai wallahi murna na yi, amma wani yaro ɗalibi ya ce min wai ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun ce ba a kyauta ba, saboda yadda ake wahalar da leburori baƙi a ƙasar. Shi ne na ce bari in kawo nan, ku me kuka gani?

Ɗan Argungu:
Wa alaikumus salam. Alhaji bar su da haushinsu, wanga waƙa mun ji ta tun lokacin kohin duniya na Katar a 2022. Mi ne ne ba su hwaɗi ba? Ranar buɗe gasa yaron nan Ganim Al-Muftah ya karanta aya daga Suratul Hujurat gaban duniya duka, BBC ta ƙi nuna bikin a babbar tasharta, sai sunka zauna suna ta lissahin laihin Katar. Kwana biyu kahin a hwara Katar ta hana sayar da giya a hilin wasa, kai ka ce sama ta hwaɗo. Jamus sunka ruhe baki da hannu wai an hana su magana kahin wasansu da Japan, anka ci su 2-1, sunka koma gida tun zagayen hwarko. Ba leburori ad damuwarsu ba, su dai kar ƙasar Musulmi ta yi abin da za a yaba mata.

Tsohon Gola:
Gaskiyarka ƙanena. Ni na kalli kofin duniya tun na 1982 kuma ban ga wanda ya yi min daɗi irin na Katar ba. Maroko har wasan kusa da na ƙarshe, ƙasar Afirka ta farko, suna sujada a fili suna ɗaga tutar Falasɗinu, Hakimi ya je ya sumbaci mahaifiyarsa. Sannan aka sa wa Messi alkyabba. Kuma ku tuna Rasha ta ƙwace Kirimiya a 2014, amma a 2018 duk ƙasashen Turai sun je sun buga, mu ma mun je Ahmed Musa ya ci Aisland biyu.

Malam na Jega:
Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne ban musa ko ɗaya ba, har ma in ƙara muku. A 1934 Musolini ya karɓi kofin a Italiya, a 1936 Hitila ya karɓi Olamfik a Balin, a 1978 sojojin Videla na Ajantina suna azabtar da mutane a wani barikin sojan ruwa da ba shi da nisa da filin da aka buga wasan ƙarshe na kofin duniya, kuma aka je aka buga aka tafa. Na kusa-kusa kuwa, Rasha ta shiga Yukiren a Fabrairun 2022 cikin 'yan kwanaki aka dakatar da ita, amma hukumar ƙwallon Falasɗinu ta kai ƙarar Isra'ila a taron FIFA na watan Mayun 2024 aka yi ta jan ƙafa. Indonesiya kuma da wasu gwamnoninta suka ce ba su yarda Isra'ila ta zo ba, take aka ƙwace gasar 'yan ƙasa da shekara 20 ta 2023 aka kai Ajantina. To son kai akwai shi a fili. Amma tambayar da nake so mu yi wa kanmu daban ce: abin da aka faɗa a kan leburorin, ƙarya ne ko gaskiya? Don maƙiyinka ma in ya ce rigarka ta kama wuta ai dubawa za ka yi.

Ɗan Argungu:
Allah gafarta Malam, ai ƙarya ce. Sun ce mutum 6,500 sun mutu wajen gina hilaye, daga baya anka gano ba haka ba ne.

Malam na Jega:
Bari in warware maka wannan don ana cakuɗa shi da yawa. Jaridar Guardian ce ta buga a Fabrairun 2021, ta ce fiye da mutum 6,500 'yan Indiya da Pakistan da Nefal da Bangaladash da Siri Lanka sun mutu a Katar tun daga 2010 da aka ba ta gasar. Wannan lissafin duk wanda ya mutu ne, ko a wurin gini ko a kan gadonsa, ko lebura ne ko akawu. Don haka mai cewa duk a filin wasa suka mutu bai yi adalci ba. Su kuma masu shirya gasar suka ce mutum 3 kacal suka mutu ta dalilin aiki a filaye, sai 37 da suka ce ba aiki ya kashe su ba. Ana cikin gasar sai ga babban sakataren kwamitin shiryawa da kansa, Hassan Al-Thawadi, a wata hira da talabijin ya ce tsakanin 400 zuwa 500 ne. Ba Bature ya faɗa ba, mai gida ne ya faɗa. Ka ga tsakanin 3 da 500 akwai gidaje da yawa da aka yi zaman makoki.

Baƙon Doha:
Salam. Na daɗe a gidan nan ban cika magana ba amma yau dole in yi, don ni ba a jarida na karanta ba. Na tafi 2019 na dawo farkon 2023. Mahaifina ya sayar da fadamar shinkafarmu guda a gefen gulbi aka biya ejan, aka ce min aikin gadi ne a otal cikin sanyi. Da muka sauka wani ya zo ya karɓe fasfonmu a cikin mota tun kafin mu ga ɗaki, takardar da aka ba ni in sa hannu kuma ba ita ce wadda na gani a gida ba, kuɗin ya ragu, to ina za ka koma kana da bashi a kai? Gadin wurin gini aka kai ni, awa goma sha biyu a tsaye. Mu 'yan Kebbi muna taƙama mun san zafi, watan Afrilu a Birnin Kebbi ba wasa ba ne, amma wancan zafin da gumi yake haɗe da shi, iska kanta kamar tururin tukunya, ka tsaya kawai ba ka yi komai ba riga ta jiƙe. Mu takwas ne a ɗaki, gado kan gado. Akwai wani ɗan Nefal da ke saman gadona, kafinta ne, kullum da dare yana nuna min hoton 'yarsa a waya. Wata asuba muka tashi shi bai tashi ba. Mutum ne da bai kai shekara talatin da biyar ba, lafiyarsa lau ya kwanta. Aka rubuta wai zuciyarsa ce ta tsaya, ba a bincika gawar ba, kuma in an rubuta haka to ba aiki ya kashe shi ba kenan, babu diyya. Mu muka yi karo-karo aka haɗa da kayansa aka aika. Irin wannan mutuwar ba ta shiga cikin 3 ɗin da Malam ya ce.

Tsohon Gola:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannu ɗana, wallahi ban san da kai aka yi ba.

Baƙon Doha:
Yauwa Baba. Kuma kar a ce na zo ɓata su ne, in faɗi alherin ma. Ina can aka canza doka. A 2020 aka soke wai sai kafili, wato mai gidan da ya tsaya maka ka shiga ƙasar, ya ba ka takardar izini kafin ka canza aiki, a Maris 2021 aka sa mafi ƙarancin albashi riyal 1,000, da 500 na ɗaki da 300 na abinci in kamfani bai ba ka ba, kuma aka hana aiki a rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi na yamma daga Yuni zuwa tsakiyar Satumba. Ni kaina albashina ya ƙaru, da shi na fanso rabin abin da aka kashe min. Amma Ɗan Argungu ka tambayi kanka me ya sa sai a lokacin aka canza? Surutun nan da muke zagi ne ya jawo. Da kowa ya yi shiru ya ce 'yan uwanmu ne Musulmi, wallahi da har na dawo fasfona yana aljihun wani. Akwai wani ɗan Kenya mai gadi irina, Malcolm Bidali, da yake rubuta halin da muke ciki a intanet da sunan ɓoye, a 2021 aka kama shi aka tsare, duk masu gadi mun ji labarin kuma kowa ya kama bakinsa.

Ɗan Argungu:
Yayana Allah shi saka maka, ban yi don in raina wahalarka ba. Amma ni hwa har yanzu abin da ka ƙona min rai shi ne su wa ke maganar. Mutanen da ka barin 'yan uwanmu suna nutsewa a teku tsakanin Libiya da Italiya su za su koya muna tausayin baƙo? Ko shugaban FIFA ɗin ai ya gaya musu a Doha, ya ce Turai ta dubi abin da ta yi shekara 3,000 kahin ta yi wa wani wa'azi.

Malam na Jega:
Ya faɗa, kuma mutane sun ji daɗi. Amma duba wanda ya faɗa ɗin. FIFA ta samu dala biliyan 7.5 a shekaru huɗun da suka ƙare da gasar Katar. Amnesty da Human Rights Watch da wasu suka ce to a ware dala miliyan 440, daidai kuɗin kyautar da ake raba wa ƙasashen da suka buga, a biya iyalan waɗanda suka mutu da waɗanda aka cinye wa albashi. Ba a yi ba. Zagin Turawa bai ci masa ko sisi ba, biyan matar kafintan nan ne zai ci kuɗi. Kuma FIFA ɗin nan kar mu manta yadda aka yi zaɓen 2 ga Disamban 2010 da aka ba Katar gasar: mutum 24 ya kamata su jefa ƙuri'a, 22 suka jefa, don an dakatar da biyu bayan 'yan jaridar Sunday Times sun yi musu shigar burtu sun ɗauki maganarsu a kan ƙuri'a, ɗaya ɗan Tahiti ɗaya namu ne Amos Adamu, shekara uku aka dakatar da shi. Katar ta samu 14 Amurka 8. A 2015 'yan sanda suka kwashi manyansu a otal a Zurik, shugabanta na lokacin, Blatter, ya sauka. To wannan karon ma ko ƙuri'ar ba a ƙirga ba, Saudiyya ita kaɗai ta nema, ta bidiyo aka yi taron aka ce kowa ya tafa, shikenan.

Maman Walida:
Salamu alaikum, ku yi haƙuri in sa baki duk da ni ba kallon ƙwallo nake ba, maigida ne ya nuna min. Kuna ta maganar Nefal da Indiya kamar abin yana nesa. Saudiyya fa ba Katar ba ce a wajenmu, wane gida ne a Kebbi ko Sakkwato ko Zamfara da ba shi da ɗan uwa takari? Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ta tafi aikatau bayan mijinta ya rasu ya bar mata yara uku. Gidan farko mutanen kirki ne har Umara suka kai ta. Da aka maida ita gida na biyu wata bakwai ba a ba ta ko riyal ɗaya ba, aka karɓe wayarta, da ta gudu sai suka kai rahoto wai ta tsere, daga nan ita ce mai laifi ba su ba. A gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a koro, ta ƙare aka dawo da ita da leda ɗaya. Ni ina son ƙasar nan, Allah ya sani burina in je in ga Ka'aba in ziyarci Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Amma Harami daban, mai gidan da ya cinye gumin ƙanwata daban, kar a haɗa min su.

Malam na Jega:
Hajiya kin taɓo inda ya dace. Gyaran da Saudiyya ta yi wa tsarin kafala a Maris 2021 bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida da makiyaya da masu aikin gona ba, wato dai irin ayyukan da mutanenmu suka fi yi. Baƙi a ƙasar sun haura miliyan 13, kuma babu ƙungiyar ƙwadago da aka yarda da ita, ma'aikaci ba shi da inda zai taru da 'yan uwansa su ce ba mu yarda ba. Filaye 15 suka ce za a yi wasa a birane biyar, Riyad da Jidda da Khobar da Abha da Neom, da yawansu ko harsashi ba a haƙa ba, ga otal-otal ga titin jirgin ƙasa. Ba 'ya'yan sarauta za su ɗauki simintin ba.

Ɗan Zuru:
Ni Kirista ne amma maganar Hajiya ta shige ni, don mu ma yaranmu suna tafiya. Abin da zan ƙara shi ne masu cewa kar a haɗa siyasa da wasa, Najeriya ba ta taɓa yarda da wannan ba. A 1976 mun janye daga Olamfik na Montreal tare da sauran Afirka saboda New Zealand ta je wasa a Afirka ta Kudu lokacin gwamnatin wariyar launin fata, a 1978 da 1986 mun ƙaurace wa wasannin Commonwealth duk saboda baƙar fatar Afirka ta Kudu, kuma har yau muna alfahari da shi. Ke nan lokacin da zalunci ya shafi wanda muke so mun san wasa makami ne. Ta ɗaya gefen kuma mun sha namu, a 1995 aka rataye Ken Saro-Wiwa, Mandela ya yi magana mai zafi, Abacha ya hana Super Eagles zuwa kare kofinsu a Afirka ta Kudu a 1996, CAF ta ƙara mana da hana mu na 1998. 'Yan wasa mafi kyau da muka taɓa yi, kofi biyu suka wuce su a zaune.

Tsohon Gola:
Wannan ciwon har yau ina jin shi. Kuma ka tuna min, gasar matasa ta duniya ta 1995 mu aka ba, aka ƙwace aka ce sanƙarau, mutane da yawa kuma suka ce siyasa ce. Ka san inda aka kai ta? Katar. Sai 1999 muka samu tamu.

Kawun Yauri:
Jama'a ku yi min afuwa amma ni duk wannan ban ga ruwanmu ba. Mu da ba mu je Katar ɗin ba ma, Ghana ta fitar da mu a Abuja. An kwashe yara a makarantar Birnin Yauri a 2021 wasu sai da suka kusa shekara biyu a daji, wace FIFA ce ta yi magana? A Zamfara gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a 2010 wajen haƙar zinari, shekarar da aka ba Katar gasar kenan. Mu fara share ɗakinmu.

Maman Walida:
Kawu ai abin da ya sa yaranmu ke tafiya can kenan. Wanda aka hana noma a gida shi ne ejan zai samu da sauƙi. Ɗakin ɗaya ne.

Mai Gidan Kallo:
Ni fa na kawo magana ina murna yanzu jikina ya yi sanyi. Amma Malam in tambaye ka tsakani da Allah, kana nufin a ƙwace daga hannunsu a kai Turai? Ko Amurka da aka ba na 2026 tare da Kanada da Meziko ita ce mai tsarki, ita da ta ba da bama-baman da aka zuba a Gaza?

Malam na Jega:
A'a Alhaji, ban ce a ƙwace ba, kuma in an zo maganar Amurka za ka ji ni fiye da haka. Ina so a yi shi a Saudiyya, ina so yaro daga Jega ya je Umara ya wuce Jidda ya kalli wasa. Amma shekara goma ke gaba, kuma Katar ta nuna mana cewa kafin gasa ne ake jin kunyar duniya, in an ɗaga kofi an kashe fitila babu mai waiwayen lebura. Akwai maganganun da ba za a iya binnewa ba, kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi a ofishin jakadancin Saudiyya na Istanbul a 2018, da mutum 81 da aka zartar wa hukuncin kisa rana ɗaya a Maris 2022, da mutanen da ake ɗaurewa shekaru saboda rubutu a intanet. Kuma abin da ya fi ba ni takaici mun bar wa Turawa maganar lebura kamar tasu ce, alhali Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, kuma a hadisin Bukhari cikin mutum uku da Allah ya ce shi ne abokin husumarsu ranar ƙiyama akwai wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago ya yi masa aiki cikakke ya hana shi haƙƙinsa. Me ya hana malamanmu su faɗi wannan a kan mumbari? Me ya hana hukumar ƙwallonmu da ta tafa jiya ta tambayi yadda za a yi da 'yan Najeriya da za su je aikin? Norway ta fito ta ce ba ta goyi bayan yadda aka yi ba, mu da 'ya'yanmu ne za su hau ginin ko tari ba mu yi ba.

Ɗan Argungu:
Malam a kan hadisin nan ba ni da ta cewa. Amma ni dai ba ni sa hannu a takardar wata ƙungiyar Landan, ban yarda da su ba har gobe. In malamanmu sunka hwaɗa ina bayansu.

Malam na Jega:
Ban ce ka sa hannu a ta kowa ba ƙanena. Kai dai in Baƙon Doha ya yi magana kar ka ce masa ɗan koren Turawa.

Ɗan Argungu:
Allah shi kiyaye, ban ce ba kuma ba ni cewa.

Ɗan Zuru:
Mai Doha dan Allah tambaya. Ƙanena wani ejan ya zo masa da maganar aikin gini a Riyad tun watan jiya, yanzu da aka ba su gasar nan na san zai ƙara matsa masa. Me zan ce ya duba?

Baƙon Doha:
Kar ya ba da kuɗi a hannu ba rasit, kuma kar a sayar da gona, wannan shi ne na farko don bashi ne ke ɗaure mutum fiye da kafili. Ya tabbatar ejan yana da lasisi daga ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, ya ce a nuna masa. Bizar ta zama ta aiki, in aka ce ya shiga da ta Umara ko ta ziyara za a gyara a can to ya gudu, haka ake zama ba igama, wato takardar izinin zama. Takardar kwangila a ba shi tun a gida, ya kai wa wanda ya iya Larabci ya karanta masa albashi da awannin aiki da wa zai biya tikitin dawowa, ya ɗauki hotonta da na fasfonsa ya bar maka a wayarka. Ya riƙe lambar ofishin jakadancinmu na Riyad da na Jidda a takarda ba a waya kaɗai ba, don waya ita ake fara karɓewa. Kuma ya nemi wani ɗan gida da ke aiki a wannan kamfanin ya ji daga bakinsa ko ana biya kan lokaci. In ejan ya ce babu wanda zai haɗa shi da shi, to ya haƙura da tafiyar.

Ɗan Zuru:
Na gode sosai yayana. Zan sa shi ya kira ka da kansa in ba damuwa, don ni ba ya jin maganata.

Baƙon Doha:
Ba komai, ya kira bayan isha'i, lokacin na taso daga gona.